Yadda Ake Taimakon Wanda Ya Ƙone Kafin A Kai Shi Asibiti

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna tana hallaka mutane kimanin 180,000 a kowace shekara, kuma akasarinta a gida ko a wurin aiki take faruwa, kamar tafasasshen ruwa ya kife wa yaro a ƙirji, ko mai ya fantsamo daga kan wuta.

Da farko a raba mutum da abin da ya ƙona shi. Idan wuta ce ta kama tufafinsa, kada ya yi gudu, domin iska ce ke rura ta. Ya kwanta ya yi ta birgima, ko a lulluɓe shi da bargo mai kauri. Idan kuwa lantarki ne, kada kowa ya taɓa shi sai an kashe wutar daga tushe.

Daga nan sai ruwa, kuma a nan ne mafi yawan mutane ke gajen haƙuri. Ana so a riƙa kwarara ruwa mai ɗan sanyi a kan wurin har tsawon minti 20 cif, domin zafin da ya riga ya shiga fata yana ci gaba da cin naman da ke ƙarƙashinta ko bayan an kashe wutar. Minti 20 yana da tsawo ga uwar da ɗanta ke ta tsala ihu a hannunta, amma ta daure ta duba agogo, don yin hakan yana rage zurfin raunin da girman tabon. Ko an makara, ruwan yana da amfani matuƙar ba a wuce awa 3 ba. Ƙanƙara kam kada a sa, saboda tana matse jijiyoyin jini, ta ƙara lalata fatar. A rufe sauran jikin don kada sanyi ya kama shi, musamman jariri.

Ana cikin zuba ruwan a zare zobe, agogo da awarwaro tun wurin bai kumbura ba. Tufafin da ya manne da fata a bar shi, a yanke na kewayensa kawai. Ina roƙon kada a shafa man goge baki, ko mai, ko ɗanyen ƙwai, domin suna riƙe zafi, suna jawo ƙwayoyin cuta, kuma sai ma'aikacin jinya ya kankare su kafin ya ga raunin, wanda azaba ce ta biyu ga majinyaci. Bororo ma kada a fasa shi. A rufe wurin sako-sako da siririyar leda mai tsabta ko ƙyalle marar gashi, ban da auduga, sannan a ba da farasitamol gwargwadon shekaru.

A garzaya asibiti idan ƙunar ta fi tafin hannun majinyacin faɗi, ko ta shafi fuska, hannu, ƙafa, al'aura ko mahaɗar gaɓoɓi, haka nan idan ƙaramin yaro ne ko tsoho, ko ƙunar lantarki ce ko ta sinadari. Wurin da ya yi fari fat ko baƙi ƙirin amma ba ya zafi shi ya fi haɗari, domin jijiyoyin da ke jin ciwo ne suka mutu. Wanda ya shaƙi hayaƙi kuma, muryarsa ta dushe ko yana tari, a kai shi nan take ko fatarsa lafiya lau take, saboda maƙogwaro na iya kumbura daga baya ya toshe numfashi.