Yadda Ake Gano Matsalar Sigina da Dabul-Sigina a Tsohuwar Land Rover Series III

Da zarar sigina ta ƙi ƙyaftawa, sabon ɗan rewaya sai ya ruga ya sayo filasha, wato 'yar na'urar da ke sa sigina ƙyaftawa. Asarar kuɗi ce kawai, domin a irin wannan mota da aka ƙera daga 1971 zuwa 1985, da wuya filasha ce ke fara lalacewa.

Ka fara da sanin launin wayoyin Lucas, kamfanin da ya yi kayan wutar motar. Koriya zalla ita ke kawo wuta bayan an murɗa makulli, koriya mai zanen ja ta hagu ce, mai zanen fari ta dama, shunayya (purple) kuwa da wuta a jikinta dare da rana, baƙa ita ce negatif.

Yanzu ka kunna dabul-sigina, makulli a kashe. Idan fitilu huɗu sun ƙyafta daidai, to ƙwayayen da wayoyinsu lafiya lau, ka daina taɓa su. Galibi laifin yana wajen fiyus, ko filashar sigina, ko makunnin dabul-siginar kansa. Na ƙarshen nan shi ne wanda kowa ke mantawa. Wutar sigina ta cikinsa take bi kafin ta kai filasha, don haka ƙura ko tsatsa kaɗan a ciki sai ta yanke hagu da dama gaba ɗaya. Ka ja shi ka mayar kamar sau goma. In sigina ta dawo, ka kama ɓarawo. In ba ta dawo ba, ka kunna makulli ka sa fitilar gwaji a koriyar waya, wajen shigarta makunnin dabul-siginar da wajen fitarta.

Idan kuma gefe ɗaya ne ya tsaya a kunne ba ya ƙyaftawa, ka duba ƙwai. Filasha ta asali zafi ne ke motsa ta, sai ta ja nauyin ƙwai biyu masu wat 21 kafin ta yi aiki. Ƙwai ɗaya ya mutu, ko an cusa mai wat 10, sai ta tsaya cik. Ƙwan LED ma haka yake yi mata, sai dai ka canza filasha zuwa ta lantarki mai ɗaukar LED.

Babban ciwon motar nan shi ne negatif. Jikinta alminiyon ne, shasi kuwa ƙarfe, inda suka haɗu farin gari ke tsirowa ya toshe hanyar wuta. Alamarsa ba ta ɓuya: ka kunna sigina, fitilar baya tana ƙyaftawa dishi-dishi tare da ita, ko ka taka birki sigina ta rikice. Ka ɗaura doguwar waya a negatif ɗin batir ka taɓa gindin fitilar da ita. Haske ya gyaru? To kada ka tsaya kankarewa da sanfefa kawai, damina ɗaya zai dawo. Ka ja sabuwar baƙar waya daga kowace fitila zuwa noti mai tsabta a kan shasi, ka shafa giris. Waya mita biyu ba ta kai kuɗin filasha ba.

Sauran aikin ba yawa. Ka zare mahaɗan wayoyi ɗaya bayan ɗaya ka goge, ka matse bakin fiyus, kuma kada ka naɗa masa waya. Sigina mai lafiya tana ƙyaftawa sau 60 zuwa 120 a minti. In motar ta soja ce, ka tabbatar ko volt 24 ce kafin ka sayi ƙwai.