Yadda Za Ku Shirya Addu'ar Haɗin Gwiwa a Unguwarku

Makon Addu'a don Haɗin Kan Kirista yana zuwa daga 18 zuwa 25 ga Janairu, tsakiyar hunturu a nan Katsina. Ku zaɓi yammaci ɗaya a ciki.

Da farko ku je da ƙafarku wurin fasto na ECWA, fada na Katolika, limaman Angilikan da Baftis. Saƙon waya bai isa ba. Babba yana son a zo a gaishe shi. Ku sanar da shugaban CAN (Ƙungiyar Kiristocin Najeriya) na yankin, da mai unguwa.

Sai wuri. Bana a wannan majami'a, baɗi a waccan, kada wani ya ji shi baƙo ne kullum.

A tsara abin da kowa ya yarda da shi: Addu'ar Ubangiji, Zabura 133, da Yohanna 17:21, inda Yesu ya roƙa duka su zama ɗaya. Jibin Ubangiji kam, wato cin gurasa da shan ƙoƙo don tunawa da Yesu, a bar shi. Koyarwarmu a kansa ta bambanta, kuma na taɓa ganin wata dattijuwa ta zauna ita kaɗai a benci kowa ya tashi karɓar Jibin, abin ya tsaya mini a rai. Haka ma wa'azin jayayya, a bar shi.

Waƙa a ba zumuntar mata, su zo da tulu da kacau-kacau. Mai addu'a cikin natsuwa da mai ɗaga murya, kowa a ba shi minti biyar.

A tashi kafin magariba. Kada a manta da shayi mai zafi saboda tsofaffi.