Kurakuran da ake yi wajen gyaran mariƙin tsohuwar aska

A zabirar wasu wanzamai a Maradi akwai tsohuwar aska mai naɗewa, ta Solingen a Jamus ko ta Sheffield a Ingila, wadda aka gada daga uba ko kaka. Bakinta na nan da kaifi, mariƙin ne ke fara mutuwa, kuma yawanci gyaran gida ne ke ƙarasa shi.

Ɓarnar da ta fi yawa a wurin ƙusar da aska ke juyawa a kanta take. Aska ta yi sako-sako, sai a samu ƙusar kafinta a dake ta da babbar guduma. Mariƙin ya tsage daga ramin, ƙusar kuma ta yi tsatsa ta ci wutsiyar askar. Abin da ya dace shi ne sandar tagulla mai kaurin milimita 1.6, da ƴan zobban tagulla a kowane gefe. A zura ta a ramin, a yanke ta, a bar abin da bai kai milimita 1 ba a waje, a daidaita kan da magagari. Sannan a ɗora ɗaya kan a bisa ƙarfe, a riƙa ƙwanƙwasawa da ƴar guduma, ko ma bayan cokali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa. A yi bugu goma, a juya, a gwada. Askar ta yi daidai idan aka buɗe ta rabi ta tsaya ba ta faɗo ba. Kafin duk wannan a rufe bakin da salatif, don yatsa ba ya tsirowa.

Tsohuwar ƙusa ba a fizge ta da awartaki. A goge kanta da magagari har zoben ya fita, sannan a tura ta a hankali.

Wasu kuma suna yar da ɗan guntun da ke tsakanin ɓari biyu na mariƙin a gindi, suna ganin ba shi da aiki. Shi ne ke buɗe mariƙin yadda aska za ta shiga tsakiya. In babu shi, baki zai riƙa karo da gefe yana dakushewa.

Mariƙin ƙaho yakan bushe a hunturu, ya bare ko ya karkace. Kada a jiƙa shi da man gyaɗa, don yana daɗewa sai ya yi wari ya yi danƙo. Man jarirai ya fi, a bar shi ya kwana a ciki. Wanda ya karkace, a cire shi, a tsoma a ruwan zafi na ƴan mintoci, a matse tsakanin katako biyu har ya huce. Tsaga ƙarama gam mai saurin kamawa ya ishe ta, ɗigo ɗaya, nesa da ƙusa.

Akwai mariƙin da ake ɗauka ƙashi ne ko haure, alhali tsohuwar robar seluloyid ce. Wannan ba a kai ta kusa da wuta, nan take take kamawa. In ta fara ruɓewa tana fitar da iska mai cin ƙarfe: za ka ga tsatsa a daidai ɓangaren da ke kwanciya cikin mariƙin, da wani wari mai tsami. Ba ta gyaruwa. A raba ta da sauran askokin zabira a ranar, a sassaƙa sabon mariƙi na ƙaho ko na busasshen katako, kowane ɓari kaurin kusan milimita 3.