Yadda za ku tada kungiyar taimakon mabukata a cocinku ba tare da jiran kudin waje ba

Tun da Paparoma Francis ya yanke mana dayosis din Katsina daga na Sokoto a watan Oktoba 2023, aka nada mana Bishop Gerald Mamman Musa dan Malumfashi, nake jin 'yan'uwa suna cewa ai yanzu taimako zai zo, kungiyoyin agaji na Katolika zasu shigo, Caritas zata zo, CRS zata zo da motoci. To Allah ya kawo su. Amma matar da ta gudo daga kauyukan Batsari ko Jibia da yara hudu, tana kwana a kango bayan cocinku, ba zata iya jira a rubuta takardar neman tallafi a aika Abuja a dawo da amsa ba. Wanga aiki namu ne mu da ke zaune a unguwar, kuma ana iya fara shi da mutum biyar da jaka daya.

Kafin komai kuje wajen Fada, limamin cocinku. Kada ku fara tara kudi da sunan coci bai sani ba, rigima ce zaku jawo ma kanku. Ku tambaye shi ko akwai kungiyar taimakon talakawa ta St. Vincent de Paul a cocin, don sau da yawa tana nan a takarda, barci kawai take, tada ta ya fi kirkiro sabuwa sauki tunda tana da tsarinta tuntuni. Ita kanta haka ta faro, a birnin Paris ta Faransa a 1833, wani dalibi Frederic Ozanam mai shekara 20 da 'yan abokansa, ba ofis ba mota, itacen wuta da abinci suke dauka su kai ma talakawa har gida. In kuna karamin coci na kauye da Fada ke zuwa jefi jefi, to Baba katikis ne kofarku.

Mutum biyar zuwa takwas sun isa. Dole a samu mace daya ko biyu daga Zumuntar Mata, don iyayenmu mata sun san gidan da ba a dora tukunya ba tun kafin kowa ya ji, sai matashi daya mai iya rubutu da lissafi. Shugaba daban, ma'aji daban, kuma kada su zama 'yan gida daya. Ku zauna duk mako ko da na rabin awa ne bayan Mas, ayi addu'a, kowa ya fadi gidan da ya je da abin da ya gani, sannan a zagaya da jaka. Jakar nan ta yadi ce wadda ba a ganin ciki, kowa ya tura hannu ko da abu ko babu, ba wanda ya san nawa wani ya sa. Ina son wannan al'ada ta 'yan Vincent sosai, don mai naira dari da mai dubu goma duk murya daya garesu a wajen zama, ba mai cewa kudina ne.

Yanzu ziyara, kuma nan ne aikin yake, sauran duk biyo baya ne. Ba a kiran mabukata su zo harabar coci suyi layi a rana. Ku zaku bi su. Mutum biyu biyu, ba a tafiya kai kadai, saboda tsaro da kuma bakin mutane. Ku fara gaida mai unguwa ku fada mashi ko ku su waye da abin da ya kawo ku, in akwai hali ku leka wajen liman ma, gaisuwar minti goma zata rufe maku kofar zargi na shekara guda. Gidan matan aure, maza su tsaya a zaure mata su shiga, kowa ya san wannan a Katsina. In an shimfida maku tabarma ku zauna, in an kawo ruwa ku sha, kada ku tsaya a tsaye da biro da littafi kamar masu karbar haraji. Zuwan farko ma ni ina ganin kada a kai komai, a gaisa a saurara kawai. Ku lura da murhu ko an hura shi yau, ku kalli yara, ku tambayi sana'ar da take yi kafin abin ya same su, wa ke taimaka mata yanzu, bashi nawa ke kanta. Zaku sha mamaki, wadda kuka zo da niyyar ba shinkafa sai ku tarar abin da ya tsaya mata a wuya kudin haya ne, ko kaskon tuyar kosai da ta baro a kauye ranar gudu.

Hoto kuma a'a. Ba a daukar mutum yana karbar tiyar gero a sa a Facebook, ko da mai bada kudin ya nema. Ku nuna mashi lissafi, ya ishe shi.

Sai maganar addini, wadda gara in fade ta a fili. A nan mafi yawan makwabtanmu Musulmi ne, haka ma mafi yawan mabukatan da zaku hadu da su. Ba a tambayar mutum addininsa kafin a bashi, ba a hada hatsi da 'yar takardar wa'azi, ba a cewa sai ki zo coci ranar Lahadi. Wannan ba dabarata bace, Paparoma Benedict na 16 ya rubuta a 2005 cewa ba a maida aikin kauna hanyar jawo mutane cikin addini. A Matiyu sura 25 ma, wanda ya ji yunwa aka bashi abinci ba a ce an tambaye shi daga ina yake ba. Ranar da unguwa ta fara zargin kuna sayen imanin mutane da masara, aikin ya mutu, kuma kun jawo ma 'yan'uwa fitina.

Batun abinci yana son lissafin lokaci. Yunwa ta fi cizo tsakiyar damina, Yuli da Agusta, rumbu ya kare sabon hatsi bai iso ba, farashi ya hau sama. Hatsi kuma ya fi araha da kaka. To me zai sa ku jira sai Agusta ku tafi kasuwa? Da kaka zaku saya, a Funtua ko Bakori ko Dandume ko duk kasuwar da ta fi kusa da ku. A cocin kauye, wajen Malumfashi da Kafur, ranar godiyar girbi ku roki kowane gida tiya daya ko dami daya maimakon kudi, manomi ya fi saukin bada gero akan ya ciro naira. Ku tabbata ya bushe sarai, wake a sa shi a buhun nan mai leda biyu a ciki a daure kowace daban don kwari, a dora buhuna kan katako ba kasa ba. Dakin ajiyar kuma makulli biyu, a hannun mutum biyu. Kudin da aka tara lokacin azumin kwana 40 kuma ku tambayi Fada wane kaso ke tafiya dayosis wane ke zama a coci, kada kuyi zato.

In kun ga yaro ya rame, gashi yayi ja ya yi laushi, ko kafafunsa biyu sun kumbura, tamowa ce, kuma ta fi karfin tiyar gero. Ma'aikatan lafiya na da wani dan tef da ake auna damtsen yaro daga wata 6 zuwa shekara 5, ku roki a koya ma mutum daya a cikinku, ba wuya. In ya nuna ja, wato kasa da santimita 11.5, ko akwai kumburin nan, asibiti kai tsaye ranar, ku biya kudin mota, wata mace ta raka uwar. Kungiyar likitoci ta MSF na aikin tamowa a Katsina shekarun nan. In tef din ruwan dorawa ya nuna, nan garin kunun da ake kira Tom Brown ke taimakawa: awo 6 na hatsi, gero ko dawa ko masara, awo 3 na waken suya, awo 1 na gyada, a soya kowanne a nika a hade. Iyayenmu na Zumunta zasu hada shi a yini daya, duk kayan a kasuwarmu suke.

Amma fa kada ku zama masu ciyar da gida daya har abada. Bayan an tsaida yunwa sai a koma ga sana'a, a saya mata kaskon nan da mai da wake na farawa, a dawo bayan mako biyu a ga yadda ake ciki. In mata sun kai 15 zuwa 30 da suka yarda da juna, ku koya masu asusun da CRS ke kira SILC. Ya yi kama da adashe amma ba kwasa ake ba, ana zuba kudi duk mako a akwati mai kwado ukku, makullan a hannun mata ukku daban, mai bukata ta ranta ta biya cikin lokacin da aka yanka, akwai dan asusun gefe na rashin lafiya da mutuwa, bayan wata 8 zuwa 12 a fasa a raba kowa gwargwadon zubinta. Su zasu zabi junansu, ba ku ba. Kada ku zuba kudin coci a akwatin, da zarar an ji kudin coci ne ba mai biyan bashi. In akwai Musulmi a ciki, maganar kari akan rance a zauna a daidaita tun ranar farko, suna iya yarda ayi ba ruwa sam.

To adalci fa? Littafin nan da matashinku ke rubutawa shi zai nuna maku. In kun duba bayan wata shida kuka ga gida biyar duk matsalarsu daya, an kori gwauruwa daga gonar mijinta, ko an rike yaro a ofishin 'yan sanda ana neman kudin beli alhali doka ta ce beli kyauta ne, ko wani na gidan gyaran hali shekara da shekaru ba a yanke mashi hukunci ba saboda ba lauya, to wannan ba buhun shinkafa zai warware ba. Kada kuma ku tafi da kanku kuna hayaniya. Ku rubuta abin da ya faru da rana da wuri, da yardar mai abin, ku kai ma Fada a mika ga hukumar adalci da cigaba da zaman lafiya, JDPC, wadda aikinta kenan a dayosis din Katolika na Najeriya. Akwai kuma Legal Aid Council ta gwamnati mai bada lauya kyauta ga marasa hali, da Hukumar Kare Hakkin Dan Adam. Maganar gado da gona kuwa sau da yawa a zauren dagaci take karewa in an je da ladabi da dattijo a gaba.

Kuma dan Allah mu duba gidanmu. Tun 1891 Paparoma Leo na 13 ya rubuta akan hakkin ma'aikaci ya samu ladan da zai rike shi. Mafi karancin albashi a kasar nan naira 70,000 ne tun 2024. Nawa muke ba maigadin coci, da malamar makarantarmu, da yarinyar da ke mana aiki a gida wadda bata zuwa makaranta? In mai zuba dubu goma a jaka yana rike da ladan lebura wata biyu, wani cikinku mai girman shekaru ya ja shi gefe ya fada mashi.

Lissafi kuma ku rika karanta ma coci duk wata ukku, abin da ya shigo, abin da ya fita, gida nawa aka kai, ba tare da sunan kowa ba, littafin sunaye yana wajen mutum biyu kawai. Ranar Talakawa ta Duniya da Paparoma Francis ya kafa, wadda aka fara a 2017, tana fadawa wata Lahadi a tsakiyar Nuwamba, daidai lokacin da hatsi ke araha. Ku roki Fada tun Oktoba ya baku minti biyar a Mas din ranar, ku karanta lissafin shekara, ku fadi buhu nawa kuke nema kafin damina, sannan mutum biyu su tsaya a bakin kofa da littafi don masu son shiga ziyara.