Idan kasuwar jirage ta mutu: yadda matuƙi zai riƙe kujerarsa, da batun komawa kago, wato dakon kaya ta jirgin sama

Wannan rubutun na ƙannenmu ne da suka shigo harkar tuƙin jirgi bayan 2020, musamman waɗanda suka fito daga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya ko suka yi karatu a waje suka dawo da lasisi a hannu, domin da yawansu basu ga abin da muka gani ba. A watan Maris na 2020 aka rufe filayen jiragen Najeriya, jiragen cikin gida basu dawo ba sai Yuli, na ƙasashen waje kuwa sai Satumba, ga aikin Hajji da kamfanoninmu na arewa ke dogaro da shi an hana mutanen waje zuwa a wannan shekarar har da ta 2021. Har yau ina tuna safiyar da na buɗe rosta, wato jadawalin aiki, a waya na ganta fari fat, ba tashi ko ɗaya a wata guda, na je fili na tarar da jiragen a jere an toshe bakin injinansu da jajayen marafa, an liƙe ƙananan ramukan auna iska don kada zanzaro ya yi gini a ciki. Ranar na gane cewa wannan aikin da muke gani kamar dutse, iska ɗaya ke kaɗa shi. To ga abin da na koya, da abin da na ga matuƙa a wasu ƙasashe sun yi.

Abu na farko, ka san lambarka. A manyan kamfanoni, musamman na Amurka, komai a kan siniyoriti yake tafiya, wato ranar da aka ɗauke ka aiki ita ce ke yanke maka wane jirgi zaka tuƙa, yaushe zaka zama kyaftin, da kuma wa za a fara tura gida idan abu ya ɓaci. Hutun dole ba albashi daga ƙasan layi yake farawa, wanda ya zo a ƙarshe shi ke fara fita, in kasuwa ta dawo kuma a kira mutane bisa wannan layin. Hutun dole ba kora ba ne, sunanka na nan a takarda. Saboda haka ka ɗauko kwantiraginka yau ɗin nan, ba sai ranar da wasiƙa ta iso ba, ka duba ko akwai haƙƙin a sake kiranka, shekara nawa haƙƙin yake ɗauka, ko an yarda ka yi aiki a wani kamfani kana jira, ko zaka iya cewa a tsallake ka a kiran farko ba tare da ka rasa gurbinka ba. A nan gida kwantiragi da yawa basu da waɗannan layukan sam, kowa da irin tasa yarjejeniyar, shi ya sa shiga ƙungiya irin NAAPE, ta matuƙa da injiniyoyin jiragen sama na Najeriya, da halartar taronta ba ɓata lokaci ba ne.

Sai batun da ya fi raba kan matuƙa, kuma shi nake so in daɗe a kai. Idan kamfani ya ce yana da rarar matuƙa, hanya biyu ce, ko a tura na ƙasa gida manya su ci gaba da karɓar albashinsu cif, ko kowa ya yarda a rage masa awanni da kuɗi don kada a taɓa kowa. A Amurka gwamnati ta ba kamfanonin fasinja dala biliyan 25 a Maris 2020 da sharaɗin ba za su sallami kowa ba har ƙarshen Satumba, da wa'adin ya matso kamfanin jiragen United ta ce zata tura matuƙa kusan 2,850 gida, sai matuƙan ta hannun ƙungiyarsu ALPA suka kaɗa ƙuri'a suka amince a rage awannin aiki aka raba nauyin, ba a tura su ba. A Ingila matuƙan British Airways sun yarda da ragin kashi 20 na albashi na ɗan lokaci, guraben da aka ce za a yanke sama da 1,200 suka dawo wajen 270. Amma fa ba kowa ya so haka ba, akwai tsofaffin kyaftin da suka ce mu bayan harin 11 ga Satumba 2001 an rage mana albashi da sunan na ɗan lokaci ne aka yi shekaru ba a mayar ba, wasu abokanmu ma sun yi shekara da shekaru a gida ba wanda ya tausaya musu. Wannan maganar tasu ba ta rowa ba ce, sun ɗanɗana ne. Ni dai ra'ayina a raba nauyin, saboda yaron da ya ci bashi ya yi karatun tuƙi, yana da awanni ɗari biyar kacal, in ya zauna shekara biyu bai tashi ba da wuya ya dawo. Sai dai duk ragin da zaku sa wa hannu ku tabbata an rubuta ranar da zai ƙare da abin da zai sa albashi ya koma yadda yake, kada ku karɓi alkawarin baki ko daga wa ya fito. Kuma kafin a taɓa albashi ku nemi a fara buɗe ƙofar ritayar son rai ga waɗanda suka kusa shekara 65, da hutun son rai ga mai wata sana'a, wannan kaɗai yakan rage rarar sosai.

In ƙaddara ta faɗa kanka an tura ka gida, to takardunka su ne jarinka, kada ka bari su mutu. Ƙa'ida ita ce tashi uku da sauka uku cikin kwana 90, in ka wuce sai simuleta, na'urar kwaikwayon tuƙin jirgi, ta gyara ka. Medikal ɗinka na aji ɗaya, wato shaidar lafiyar matuƙi, ka sabunta shi a kan lokaci ko da daga aljihunka ne, haka gwajin Turancin rediyo, haka shaidar nau'in jirgin da kake tuƙawa. Logbuk, littafin awannin tashinka, ka cike shi tsaf a buga masa hatimi tun kana da shiga ofis, don in ka bari sai kana neman sabon aiki zaka ga wanda zai sa maka hannu ya bar wurin. Ka ware kuɗin simuleta daban tun yanzu da albashi ke shigowa, da dala ake biya kuma mafi yawa sai an fita waje.

Yanzu batun kago. Dalilin da yasa ya yi tashe a 2020 mai sauƙi ne, kusan rabin kayan da ake ɗauka ta sama a duniya a cikin tumbin jiragen fasinja suke tafiya, da jiragen suka tsaya sai wurin kaya ya yi ƙaranci, ga duniya na neman takunkumi da magunguna, kuɗin dako ya yi sama. American Airlines ta yi tashin kaya zalla daga Dallas zuwa Frankfurt a Maris 2020, rabonta da irin haka tun 1984. Air Canada ta cire kujeru daga Boeing 777 ta loda kwalaye. A nahiyarmu Ethiopian ce ta fi kowa iya wannan, ta juya jiragen fasinja da dama suka koma dako, da shi ta riƙe ma'aikatanta. Don haka tambayar farko da zaku yi wa manaja ita ce, jiragen nan da ke tsaye ba za su iya ɗaukar kaya ba? Tashin kaya ko sau biyu a sati ne yana rayar da takardun matuƙa da yawa.

Amma barin kamfaninka kacokan ka koma kamfanin kago wani abu ne daban, kada ka yi saki reshe kama ganye. Duk inda ka je daga ƙasan layi zaka fara, kyaftin mai shekara ashirin zai iya komawa kujerar dama, ta mataimakin matuƙi, kuma wasu kamfanonin za su ce sai ka kawo takardar ajiye aiki daga tsohon wurinka, ka yi tunani sau goma kafin ka rubuta ta. Kago ma kasuwa ce, tana hawa tana sauka, kamfanin dakon kaya na UPS ta tura matuƙa hutun dole a 2010, a 2023 kuma da dako ya ja baya FedEx da UPS duk sun samu rarar matuƙa, a daidai lokacin da kamfanonin fasinja ke neman matuƙa ido rufe. Waɗanda suka riƙe lambarsu a 2020 da yawa sun koma bakin aiki cikin shekara ɗaya ko biyu.

In ka yanke shawarar zuwa, ka san aikin dare ne. FedEx a Memphis, UPS a Louisville, DHL a Leipzig, dukkansu da tsakar dare suke rarraba kaya, jirage su shigo wajen sha biyu su fita kafin asuba. Ƙarfe uku na dare kana zaune a kokfit, ɗakin tuƙi, ba ma'aikatan cikin jirgi da za su kawo maka shayi, kai zaka ɗumama abincinka, idonka na yaji. Ka tsara barcin rana da iyalinka tun kafin ka fara, labule mai kauri, waya a kashe, a gaya wa yara, ka kuma tsara sallolinka da agogon inda kake. Kamfanonin da ke ba da hayar jirgi da matuƙansa irin Atlas Air zaka iya yin sati biyu ko fiye baka ga gida ba, ka tambayi kwana nawa ne a jere kafin ka sa hannu.

Kuma don Allah ka ɗauki kayan da ke bayanka da muhimmanci. Takardar da ake miƙa wa kyaftin mai nuna kaya masu haɗari da inda aka ajiye su, ka karanta ta layi layi, kada ka sa hannu a tsaye. A Satumba 2010 jirgin UPS ƙirar 747 ya faɗi a Dubai bayan wuta ta tashi a kayan da ke da batiran litiyam, hayaƙi ya cika kokfit, matuƙan biyu suka rasu. A Afrilu 2013 a Bagram ta Afganistan wata motar soja da aka ɗaure a cikin 747 ta tsinke ta gangara baya jirgin na tashi, mutum bakwai suka mutu. Saboda haka ka sauka ka zaga da mai loda kaya, ka duba makullan falet ɗin, wato faifan da ake ɗora kaya a kai, a ƙasa sun kama, ka taɓa igiyoyin da hannunka ka ji tsaurinsu, ka gwada lissafin nauyi da daidaito da abin da idonka ya gani, in wani abu bai kwanta maka ba ka ce a sake ɗaurewa ko da za a makara awa guda.