Taron jin ra'ayin jama'a kan 'yan sanda: inda ake yin tuntuɓe a Sakkwato

Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta tanadi kwamitocin haɗin gwiwar 'yan sanda da al'umma, kuma tun 1984 akwai kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a, wato PCRC. Ke nan taro bai yi mana ƙaranci ba. Matsalar ita ce wa ake gayyata, kuma wa ke iya buɗe baki.

Daga jerin sunaye ake fara ɓata abin. A kira uban ƙasa, limami, kansila da shugaban 'yan kasuwa, sai a ce an ji ta bakin jama'a. Alhali wanda ke cin karo da ɗan sanda kullum a shinge shi ne ɗan kabu-kabu, da direban da ke jigilar albasa a hanyar Illela, da matashin da aka kwasa cikin sintirin dare. A gayyato su ta ƙungiyoyinsu. Mata kuwa ba za su kutsa zauren da maza suka cika ba. A yi masu nasu zaman a Islamiyya, mace ta jagoranta.

Wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne zaunar da wanda ake kuka da shi a teburin gaba. Na halarci wani zama a wata unguwa, DPO, wato shugaban 'yan sandan yankin, na zaune kusa da shugaban taro. Wani dattijo ya miƙe ya ce, "Yallaɓai, mu dai sai godiya," ya koma ya zauna. Muna fita, yana neman takalminsa, ya ba ni labarin ɗansa da ya kwana uku a caji ofis, sai da aka ba da kuɗi aka sake shi. Na ce, "Baba, me ya hana ka faɗi wannan a ciki?" Ya dube ni ya ce, "Ɗana, in na faɗi, gobe wurin wa za ni?" Gyaran ba wuya: 'yan sanda su yi bayaninsu su ba da wuri na rabin sa'a, a kuma ajiye akwatin jefa takarda ba suna.

A yankunan Isa, Sabon Birni da Goronyo abin ya wuce kunya, batun rai ne. Kada a tambayi mutane cikin taro wa ke kai wa 'yan bindiga labari. Mai kai labarin wataƙila yana zaune a sahu na biyu.

Jawabin Turanci ma a bar shi a ofis.

Mu ma jama'a muna da namu. Mutum ya tashi ya ce "'yan sanda na cutar mu", ba rana, ba wuri, ba sunan da ke jikin kaki, ba lambar mota. Wa za a kama da wannan? Sannan muna kai kuka inda ba a share hawaye. PCRC sulhu da shawara take yi, ba ta hukunta jami'i. Ladabtarwa da ƙarin girma aikin Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda ne, ban da na Sufeto Janar. Rundunar kanta tana da sashen karɓar ƙorafi tun 2015, ga kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam. Beli a caji ofis kyauta ne, kuma dokar 2020 ta hana kama uba a madadin ɗa.

Kuskure na ƙarshe shi ne yadda ake rufe taro: sai a yi addu'a, a raba ruwan leda, a watse, ba wanda ya rubuta komai. Kamata ya yi kafin liman ya ɗaga hannu, sakatare ya karanta alƙawura biyu ko uku da aka ɗauka, da wanda zai cika kowanne, da ranar da za a dawo. In da hali a sanar a gidan rediyon Rima, don wanda bai samu zuwa ba ya san abin da zai tambaya.