Inda ɗalibanmu suke tafka kuskure a darasin kunna ƙwayoyin gado

Duk Asabar bayan la'asar ina zama da wasu ƙannenmu na Idi-Araba da Agege a Legas masu karatun likita da bayokemistiri, kuma wallahi in aka zo kan yadda sel ɗin mutum yake kwafe saƙon DNA zuwa RNA, wato tiranskirifshan, kusan wuri ɗaya suke zamewa duk shekara.

Wanda ya fi ci min rai shi ne a tambayi yaro yadda ake kunna ƙwayar gado, wato a fara kwafe saƙonta, a hantar mutum, sai ya zano maka lak oferon, tsarin kunna ƙwayoyin da ke sarrafa sukarin madara. Haba mana! Wannan na bakteriya ne, aikin Jacob da Monod na 1961, ita bakteriya ko nukiliyos, ɗakin ajiyar DNA a cikin sel, ba ta da shi. Namu DNA ɗin a naɗe yake jikin furotin histon kamar zare a mazari, kusan harafin DNA 147 a kowane ƙulli, kuma sai an sassauta naɗin nan kafin RNA folimares ta biyu, mai aikin kwafen, ta samu wurin zama. To daga nan za ka fara amsarka. In an liƙa sinadarin asetil a histon naɗi ya saki, aiki ya tashi, in an liƙa sinadarin metil a kan DNA na furomota, wato wurin da ake fara kwafen, yawanci an sa kwaɗo ke nan, kar ka juya su.

Akwai masu cewa wai DNA ɗin ido daban na hanta daban. Ɗaya ne, wayarin ɗin gida ɗaya ne, kowane ɗaki ne da makunnin da aka danna.

Sai maganar inhansa, wato guntun DNA da ke ƙara wa kunna ƙwayar gado ƙarfi. Wata ƙanwata ta ce min, "Yaya, ai dole tana manne da furomota, in ba haka ba ta ya za ta taɓa ta?" Na zare wayar caja daga soket na lanƙwasa ta har bakin nan biyu suka haɗu, na ce kin gani, haka DNA yake yi, akwai inhansar da take nesa da kusan harafi miliyan 1 amma tana aikinta. Furomota ce take bakin ƙofa.

Amma kuskuren da ya fi tsada shi ne ɗauka cewa duk cutar da ta shafi ƙwayar gado lalacewar ita kanta ƙwayar ce. Wani lokacin makunni ne ya maƙale. Kansar nan da Denis Burkitt ya bayyana a yaran Yuganda a 1958, ƙwayar MYC mai sa sel rabuwa ce take tashi daga kuromosom, wato ƙunshin DNA, na 8 ta koma na 14, ta faɗa kusa da inhansoshi masu ƙarfi na garkuwar jiki, shi ke nan ta kunnu ba kashewa, sel ya yi ta rabuwa.

Ko sikilar da muke fama da ita a gidajenmu, e gaskiya harafi ɗaya ne ya canza, GAG ya koma GTG, amma ka taɓa tambayar kanka me ya sa jariri mai SS yake lafiya lau a watannin farko? Haimogulobin, furotin mai ɗaukar iska a cikin jini, irin na jarirai da ya zo da shi daga ciki ne yake kare shi, sai furotin BCL11A ya kashe makunninsa, daga nan ciwon ƙashi da kumburin hannu su fara. Haidiroksiyuriya da ake ba su a kilinik tana ɗaga wannan haimogulobin ɗin ne. Casgevy kuma, maganin sikila na gyaran DNA da Ingila ta amince da shi a Nuwamba 2023, bai ma taɓa harafin sikilar ba, inhansar BCL11A yake yankewa don haimogulobin na jarirai ya dawo.

Da na faɗa musu kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ɗakin ya yi tsit, sai wani daga baya ya ce, "Malam, a maimaita mana bayanin haidiroksiyuriyar nan dai."